Rigar Lahadi

Wani dattijo na zaune a shagon gyaran kwamfuta, riga ta sha guga, gemu a taje, sai ka ce mai zuwa neman aure. Tsohuwar kwamfutarsa kullum agogonta baya yake komawa, ita ce kuwa kalandarsa.

"Yi sauri, ɗana. 'Yata na kirana ta nan duk Lahadi, ƙarfe huɗu."

Mai gyara ya sauya ɗan batirin agogon, ya saita kwanan wata, sannan ya sosa ƙeya.

"Baba, ai yau Litinin ce."

Ga alama babu mai tuna masa a gida. Dattijon ya shafa gaban rigarsa a hankali.

"To, madalla. Na yi gugar mako mai zuwa ke nan."