Kujerar da Ta Ƙi Hucewa

Jama'a, na san an san ni da ƙarin gishiri, ko ɓera na gani sai in ce ya kai ɗan akuya, amma wannan labarin wallahi ko ƙwaya ɗaya ban barbaɗa masa ba, a gabana ya faru da rana tsaka.

Shekarar da na gama ƙaramar sakandare ne na bi yayana Abuja hutu, ya samar mini aiki a wani wajen wankin mota a Gwarinpa, bayan wani gidan mai. Mai wajen, Oga Monday, aikinsa hawa-hawa ne. Sabon zuwa taya yake wankewa, daga nan a ba shi jikin mota, sai wanda hannunsa ya faɗa ake bari ya shiga ciki. Ni kuwa na daɗe a taya har tafin hannuna ya koma kamar bayan kada, kullum ina tsugune cikin kwata ina hangen 'yan ciki suna shan sanyin esi. Na yi ta damun Oga har ya ce motar da ta fara shigowa gobe tawa ce, in ta fita fes na zama ɗan ciki, in an yi ƙorafi kuma ni da taya har in yi furfura.

Washegari da hantsi sai ga wata tsohuwar marsandi baƙa, kujerunta na fata ruwan madara. Wani mutum ya fito, ba zai wuce sa'an yayana ba, ya ce motar mahaifinsa ce, tun da ya rasu tana rufe da tampol, yanzu ya sami mai saye, bayan la'asar za su haɗu a nan. Ya nuna mini matashin kujerar direba, inda ƙeya ke jingina. Wani tabo ne baƙi-baƙi kamar faɗin tafin hannu, irin na man gashi da zufar shekaru.

"Wannan nake so ya fita," in ji shi. "Sauran duk mai sauƙi ne."

Na ce, "Yallaɓai, ko mai motar ne ya dawo ba zai gane ta ba." Bakina ke nan, ba ya shawara da ni. Ya ɗan kalle ni, ya tare tasi ya tafi.

Na zage. Na fitar da kafet na shanya, na zuƙe ƙura har ƙarƙashin kujeru, inda na tsinci ƙwallon dabino da ya isa a dasa gona. Fata ba a yi mata ambaliya, ba a kuma sa mata garin sabulu, tsagewa take yi. Sabulu mai laushi ake ɗan ɗiga wa burushi, a bi ta a hankali, a tsane da tawul. Tabon mai kuwa hoda ake barbaɗa masa ta tsotse, sannan a goge. Haka na yi, ya fita tas, na shafa man fata, matashin nan ya yi kyau har na ga haƙorana a ciki. Na kunna esi don ciki ya bushe a inuwa, na rufe ƙofofi, na je na sha ruwa ina yi wa Iliya, abokina na taya, kallon tausayi.

Da na dawo na buɗe ƙofa, tabon yana nan. Wuri ɗaya, faɗi ɗaya.

Na ce Iliya ne, don shi ma ba ya rasa shegantaka. Ya rantse da abincin da ke hannunsa bai matso motar ba, kuma ni ma shaida ne, tun da na rufe motar idona na kansa. Na sake sa hoda, na sake gogewa, a nan ne na dafa kujerar don in miƙe, sai na ji ta da ɗumi. Ku fahimce ni, esi yana ta aiki, sitiyari sanyi, kujerar gefe sanyi ƙalau kamar randa, motar kuma tana ƙarƙashin rumfa. Wannan kaɗai ke da ɗumi, kuma ba zafin rana ba ne, irin ɗumin da kake ji ne in wani ya tashi daga benci ka zauna a wurinsa.

Dokar Oga ce, in an gama kujerar direba a shimfiɗa mata farin tawul, kada ɗayanmu ya zauna da jiƙaƙƙen wando. Na shimfiɗa sabo, na ja shi sumul tun daga matashi har ƙasa, na rufe ƙofa, na ce wa Iliya ya zo mu tsaya. Muka tsaya muna kallo ta gilashi. Ba mu ga komai ya motsa ba, wallahi ba zan yi muku ƙarya ba. Kawai dai wata mota ta yi hon a bayanmu, muka waiwaya, da muka juyo tawul ɗin ya lotsa a tsakiya, ya tattare a gefe yadda yake yi in an zauna, sama kuma ga zagayen mai ya fito a jikinsa.

Iliya ya ce, "Ni dai taya ta ishe ni arziki," ya koma kwatarsa da sauri har yana zamewa.

La'asar na yi mutumin ya dawo. Ya leƙa, ya ga tabo, ransa ya ɓaci. Oga Monday ya taso yana faɗa da Hausarsa, "Kai yaro, mota ɗaya na ba ka, shi ma ba ka iya ba! Gobe taya!" Na ji idona ya kawo ruwa, don na san in na ce aljanu, kowa zai ce ga ɗan ƙarin gishiri ya fara. Sai kawai na ce, "Yallaɓai, don Allah kafin ka tafi, ɗora hannunka a kujerar nan."

Ya ɗora. Ya taɓa ta gefe, ya dawo ya sake ɗorawa, ya daɗe a haka. Sannan ya sunkuya ya sansana matashin, ni ban ji ƙanshin komai ba sai na man fata, amma shi na ga ya rufe ido. Oga ma ya kai hannu, ya janye da sauri ya sa a aljihu, bai ƙara cewa taya ba.

"Baba bai taɓa yarda wani ya tuƙa masa motar nan ba," in ji mutumin, a hankali, kamar ba da mu yake ba. "Hajiya mahaifiyata ma ta ce kada in sayar, na ƙi ji."

Ya ciro waya ya ba mai saye haƙuri. Da zai shiga, sai da ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama, ya ɗan jira kamar mai sauraron amsa, sannan ya zauna a gaba-gaba, bayansa bai taɓa jingina ba har ya fice daga layin. Kafin ya ja ya ce wa Oga aikin ya yi, kuma duk ranar da ya kawo ta ni zan wanke, amma a bar matashin yadda yake.

Haka na zama ɗan ciki. Na tambayi malaminmu na Islamiyya da na koma gida, ya ce wanda ya rasu ya tafi ke nan, ba ya dawowa zaman mota, in riƙa addu'a in rage surutu. Na yarda da shi. Amma ban manta ba, motar ta sake zuwa kafin hutuna ya ƙare, na wanke ko'ina na bar matashin, kuma da na dafa kujerar don in ɗauko kafet, tana nan da ɗuminta.

Don haka in kun wanke abu yadda ya kamata, kuka ga ya dawo, kada ku yi ta dirza kuna taurin kai, ku bar shi. Ni dai har yau ba na buɗe ƙofar motar mutane ban yi sallama ba. Iliya yana yi mini dariya, amma na lura shi ma in zai wanke tayar gaba ta ɓangaren direba, sai ya ce, "A gafarce mu."