Gudun da ba na tsoro ba

Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula na je Japan, na yi wata guda na dawo. Maigidana ne ya kai ni, wani Alhaji Bayarabe haifaffen Fagge, mai sayar da tsofaffin injinan mota a Sabon Gari. Ni nake sauke masa kaya. Ya ce idan na iya zaman garin zai bar ni can in riƙa yi masa lodin kwantena. Ina son aikin ƙwarai. Na gaji da ɗaukar ƙarfe a ka.

Mutanen ba su yi mini komai ba. Suna cire takalmi a bakin ƙofa kamar mu. Suna cin shinkafa ba mai ba yaji. Mai shago zai rusuna maka ko ruwa kaɗai ka saya. Titi cike da motoci amma ba mai danna hon. Mutum zai sha abu ya sa kwalbar a jaka ya tafi da ita gida.

Shirunsu ne ya hana ni sakat.

Na ga rikici a Sabon Gari, ba sau ɗaya ba. Akwai tabon adda a kafaɗata. Kafin a fara, kasuwa takan yi tsit, mai shago ya daina ciniki yana leƙen titi. Jikina ya san wannan shirun. To a can kullum haka gari yake. Jirgin ƙasa zai cika maƙil, kafaɗa na gugar kafaɗa, ba mai cewa uffan. Ni kuwa ina bakin ƙofa, ina duban hannayen mutane.

Wata safiya muna cikin tasha za mu wurin da ake kwance motoci, sai ga jama'a sun ɓullo daga matakala a guje, maza da mata, wasu sun rufe hanci da baki da farin ƙyalle. Ba ihu, sai ƙarar takalma. Ban tsaya tambaya ba. Na fizgi Alhaji na cusa shi bayan wani ginshiƙi, na danne shi da jikina. Hularsa ta faɗi.

"Kai! Sake ni! Uban me ya faru?"

"An fara, Alhaji. Yi ƙasa da kai."

"An fara me? Jirgi za su kama, mutumin banza! Ofis za su!"

Wata tsohuwa ta ɗauko hular, ta kaɗe, ta miƙa masa da hannu biyu. Ba ta ko dube ni ba. Alhaji ya yi ta dariya har da hawaye. Da ya ga ni ban yi dariya ba, sai ya bari.

Da muka isa ya ce, "Gaya mini gaskiya. Za ka iya?"

Na ce, "Aikin zan iya."

"Ba aikin na tambaye ka ba."

Na ce masa a Kano in gari ya yi shiru na san inda zan nufa. A nan kullum sai in yi ta jira, kuma ba abin da ke zuwa. Ya gyaɗa kai.

Alhaji ya tura wani a madadina. Na ji mutumin har ya gina gida. Ni ina nan Sabon Gari, ina sauke injinan da yake lodawa.