Cikin da ya kwanta har bazara

Shekara ashirin da takwas ke nan da rasuwar maigidana, Malam Isuhu, mutumin Tawa ta Nijar da ya zo Lyon ta Faransa karatun likitan dabbobi. Mutanenmu na nan sun zaci shanu ko raƙuma zai karanta, ya koma gida da abin amfani. Sai ga shi ya ɓuge da bin wata 'yar dabba da Faransawa ke kira armin, siririya kamar tunku, wadda ba ta kai damtsen hannu ba. Ni kaina na sha yi masa tsiya, in ce an aike shi kasuwar shanu ya dawo da ɓera.

Ba ya fushi. Sai ya zauna a ɗakinmu na Vaulx-en-Velin, gefen Lyon, yana ba ni labarinta kamar 'yar garinsu. Ba ta cika haƙa rami ba, ramin ɓeran da ta cinye take gajewa, ta shimfiɗa gashinsa. Da rani ja-ja ce, da sanyi ta koma fara fat, bakin wutsiyar kaɗai ke zama baƙi. Tana da 'yar'uwa a Amurka mai doguwar wutsiya, halinsu ɗaya.

A lokacin muna shekara ta shida da aure, ba haihuwa. Sau biyu al'adata tana ɗaukewa, in ga alamu, sannan shiru. Innata ta aiko da kaset daga gida tana cewa in kwantar da hankali, ciki ne ya kwanta, wata rana zai tashi. Na riƙe wannan magana hannu bibbiyu. Da likitar mata ta ce babu komai a marata, na yi kuka a bas har gida.

Malam bai iya ƙarya ba, ko ta lallashi. Ya bari na gama, sannan ya ce: "Rakiya, a ɗan Adam ciki ba ya kwanciya, ba zan ruɗe ki ba. Amma Inna ba ta yi wauta ba, akwai halittar da Allah ya yi wa haka." Ya ce armin tana ɗaukar ciki da rani, ƙwan ya tsaya cak bai girma ba duk tsawon sanyi, sai yini ya fara tsawo ya motsa, ta haihu lokacin da abinci ya wadata. Ban san dalili ba, amma gaskiyarsa ta fi kaset ɗin Inna sanyaya mini zuciya.

A ƙarshen watan Agusta motarsu ta kife a hanyar duwatsu, shi da abokan karatunsa suna dawowa daga duba tarkunan armin, a nan Malam ya cika. Yayana ya ɗauke ni zuwa gidansa a Montreuil, gefen Paris. A can, ina cikin takaba, matarsa ta dube ni ta ce aman nan da nake yi ba na baƙin ciki ba ne. Takabar mai ciki sai ta haihu, don haka na yi sanyin Paris gaba ɗaya a ɗaki ɗaya, ina tsoron kada wannan ma ya zama shiru.

Yau da Malam zai leƙo, na san abin da zai fara damunsa. Yanzu dusar ƙanƙara ba ta zuwa a kan lokacinta, armin kuwa da tsawon yini take sake gashi, sai ta yi fari a kan jar ƙasa, shaho na ganinta daga nesa. 'Yata Hadiza ce ta nuna mini a wayarta, tana bayani da Hausarta mai gaurayen Faransanci, tana ɗaga gira irin tasa. Mai haƙuri yakan dafa dutse, amma shi bai zauna shan romon ba, kuma wannan har gobe yana yi mini ciwo.

Bai bar gida ba, bai gama karatun ba. Ya bar mini ɗabi'ar faɗin gaskiya a hankali, da 'yar da bai san da ita ba. Inna ta rasu tana rantsuwa cewa tsohon cikin nan ne ya tashi, ban taɓa musa mata ba. A watan Afrilu aka haifi Hadiza, daidai lokacin da dabbar ubanta take haihuwa.