Kilishi a Ɗakin Gumi

Idan ka ga Bara'u Sanda a zaune, to ko dai tuƙi yake yi ko tahiya yake karantawa. Mutumin nan ƙafarsa ƙaiƙayi take yi. Shayi a tsaye yake sha, waya a tafe yake amsawa, ranar Juma'a kuwa liman na sallamewa za ka gan shi ya riga kowa isa wurin takalma. Tun yana yaro a Gusau mahaifiyarsa take cewa kamar an zuba masa garwashi a kan tabarma.

Karatu ne ya kawo shi Birmingham ta Ingila, daga baya ya samu aikin gyaran na'urori a wani asibiti a Salford. A shekara tara, gida bakwai suka yi shi da iyalinsa. Biyu a Birmingham, sauran a Manchester, har da wani sashen gidan bene a Ardwick inda ɗalibai suka hana su sakat. Wani lokaci mai gida ne ke tayar da su. Wani lokaci kuwa, tsakani da Allah, Bara'u ne kawai zai wayi gari ya ce unguwar ta ishe shi. Matarsa Ruƙayyatu har ta daina zubar da kwali, ninkewa take yi ta tura ƙarƙashin gado. 'Yarsu Hanan shekararta takwas, amma makaranta huɗu ta yi, ba ta taɓa riƙe ƙawa ɗaya ta shekara biyu ba.

Gida na takwas a unguwar Gorton ta Manchester yake, mallakar wata tsohuwar Baturiya mai suna Zoe. Mijinta Ethan ya rasu, zaman kaɗaici ya ishe ta, za ta koma Birmingham wurin ƙanwarta. Ta ce su kira ta da sunanta kawai, bakinsu ya ƙi, suka tsaya a Anti Zoe. Ranar da ta ba su makulli ta ja Bara'u zuwa bayan gida, ta buɗe masa wani ɗan ɗaki na katako zalla, da benci hawa biyu da murhun lantarki cike da duwatsu. Shi ne abin da Turawa ke kira sauna, wurin da mutum zai shiga ya zauna cikin zafi ya yi gumi ya fito. Su dai a gidan ɗakin gumi suke ce masa.

Ta ce, "Ethan ne ya gina shi da hannunsa. Gidan ku yi yadda kuke so da shi, amma wannan ɗakin amana na ba ka. Ruwan ɗumi da buroshi mai laushi, ka bi layin katakon. Ban da sinadarin bilic, ban da fenti. In ka gama ka bar ƙofa a buɗe ya sha iska. Duwatsun sau ɗaya a shekara a fito da su a wanke. In ka riƙe min shi, ku zauna har ku gaji."

Bara'u ya ce ai wannan mai sauƙi ne, yana faɗa yana duba agogo. A makon nan Ruƙayyatu ta kwashe kwalayenta kaf ta zuba a bola. Ta ce, "Abban Hanan, ka ji ni da kyau. Daga gidan nan sai Gusau ko kushewa."

Ba laifi, ya riƙe amana. Duk Lahadi yana wanke ɗakin fes, cikin minti goma ya fito. Amma ya shiga ya zauna ya yi gumin? Ina! Sau ɗaya ya gwada, kafin minti uku ya tuna bai duba iskar tayar mota ba.

Babbar Salla ta zo, suka haɗa kuɗin bijimin layya shi da abokai shida, rabonsa ya zo da cinya mai kyau. Sai kwaɗayin kilishi ya taso masa, irin wanda kawunsa yake yi a bakin tasha. Ya yanyana naman fele-fele, ya dama labu da ƙuli-ƙuli da citta da kanumfari da barkono. Saura rana. To ina ranar? Manchester ce, kwana huɗu ana yayyafi ba ƙaƙƙautawa. Yana ta safa da marwa tsakanin kicin da taga, sai idonsa ya faɗa kan ɗakin gumi. Zafi ga shi, bushewa ga ta, ba ƙuda, ba mage. Ya ce lallai Ethan ɗin nan Allah ya yi masa basira.

Ruƙayyatu ta ce, "Amanar mutane ce fa."

Ya ce, "Kwana biyu ne kawai, Maman Hanan. Wa zai sani?"

Kilishi kam ya yi, har daga Birmingham aka bugo waya ana neman ragowa. Sai dai man gyaɗa ya ɗiga a kan bencin nan ɗigo-ɗigo, katako kuwa ya shanye shi kamar da ma jira yake. A sanyi ba ka jin komai. Da zarar an kunna murhu sai ɗakin ya ɗauki ƙamshin tukubar mai tsire.

Bayan mako biyu Anti Zoe ta kira. Ta ce ranar Asabar Ethan zai cika shekara biyar da rasuwa, tana son ta zo ta ɗan zauna a ɗakinsa, daga nan su yi maganar sabunta zamansu a gidan. Ruƙayyatu ta dubi Bara'u, ta dubi Hanan da ke kan tebur tana rubuta wa ƙawarta katin gayyata. Tsoro ya kama shi sosai, don ya san in aka tayar da su a wannan karon, ba shi da wanda zai ɗora wa laifi.

Ya ɗauki hutun kwana uku. Ya wanke da ruwan ɗumi, mai na nan. Ya shafa hodar bekin soda ya bari ta kwana, tabon ya ɗan dushe, ya dawo. Ya fito da duwatsun ɗaya bayan ɗaya ya dirje su a bokiti, ya shanya, ya mayar. Ya kunna murhu ya shinshina, har yanzu citta na gaishe shi. Sau huɗu ya je shagon kayan gini a rana ɗaya. A ƙarshe ya sayo sanfefa mai laushi ya durƙusa yana kankare benci, yana bin layin katako kamar yadda aka koya masa. Nan ne aiki ya yi kyau. Tabon mai ya tafi, katako ya fito fari tas, ƙamshin itace ya taso.

Matsalar Bara'u ita ce in hannunsa ya fara, ba ya sanin wurin tsayawa. Ya gama benci ya hau bango. A saman benci na sama, can kusurwa, akwai wani baƙin tabo kewayayye, girmansa bai wuce tafin hannu ba, ya yi santsi har yana ƙyalli.

Ruƙayyatu ta leƙo da kofin shayi ta ce, "Wannan ba na kilishinka ba ne. Mun tarar da shi."

Ya ce, "Datti ai datti ne. So nake ta ga ɗakin ya fi yadda ta bar shi."

Minti biyar bai yi ba ya share shi.

Asabar da hantsi Anti Zoe ta iso da sandarta da ɗan tawul a jaka. Ta sha shayi, ta yaba wa Hanan tsayin da ta yi, sannan suka nufi baya, Bara'u na gaba yana ta zuba bayani. Ta shiga ta dubi benci ta gyaɗa kai. Ta ɗaga ido zuwa kusurwar nan, sai ta tsaya cak. Da ƙyar ta hau benci na ƙasa, ta miƙa hannu tana shafa farin katakon, tana lalube sama da ƙasa kamar mai neman abin da ya faɗi.

Ta ce, "Ina wurin kansa?"

Bara'u ya ce, "Na'am?"

"Nan yake jingina kai. Shekara talatin da ɗaya, kowace Asabar. Shi na zo in gani."

Bara'u ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Bai san lokacin da ya fara zazzage mata komai ba, da naman layya, da ruwan sama, da man gyaɗa, da sanfefa. Tana saurare hawaye na bin kuncinta.

Ta ce, "Nama? Ai Ethan ya taɓa busar da kifi a nan, wata guda ban yi masa magana ba. Da naman ne kawai da dariya zan yi."

Ya ce, "Anti Zoe, ki yafe min. Zan nemo mai, zan shafa, zan mayar da shi yadda yake."

"Ba mai ba ne," in ji ta. "Zama ne."

Ruƙayyatu na bakin ƙofa ta riƙe hannun Hanan gam. Can tsohuwar ta share fuska da tawul ɗinta, ta nuna kusurwar da sanda.

"Hau ka zauna."

Ya hau.

"Jingina kanka."

Ya jingina. Ƙafarsa ta dama ta fara rawa, ya sa hannu ya danne ta.

Ta ce, "Kai ka goge, kai za ka mayar. Kada ka ƙara taɓa wurin nan da komai sai ƙeyarka. Shi shekara talatin da ɗaya ya ɗauka. Ban san nawa za ka ɗauka ba, ni dai na san ba zan gani ba."

Ruƙayyatu ta riga shi gane abin da maganar take nufi, wato ba za a tayar da su daga gidan ba, ta saki hannun Hanan ta ce ta je ta ƙarasa katinta. Anti Zoe ta sauko a hankali, ta kunna murhu, ta fita ta ja masa ƙofa. Ta ɗan gilashin ƙofar yana hango ta a tsakar gida, ta juya baya, kafaɗunta na girgiza.

Duwatsu suka fara ɗaukar zafi. Ya tuna motarsa na kan layin da ba a barin mota ta daɗe, ya tuna bai kira kawunsa ba, ya tuna injin wanki na jiran gyara. Gumi ya tsattsafo masa a ƙeya ya taɓa farin katakon. Bara'u bai tashi ba.