Furfura a Cikin Leda

Ƙwal-kwabo ake ce masa a layin, shi kuma ba ya jin haushi, don da hannunsa ya jawo sunan. Sana'arsa manna wa hotunan masu zane leda a injin lamineshin, saboda rana da damshi da yatsun 'yan kallo. Abokin gabarsa ɗaya ne a duniya, gashi. Sili ɗaya in ya faɗa tsakanin hoto da leda, ya zauna ke nan har abada. Shi ya sa shekara talatin yana aske kai da gemu kullum da safe, ya kori kyanwar matarsa daga shagonsa, ya hana kowa susar kai kusa da teburinsa. Yana kuma bugun ƙirji cewa gashi bai taɓa cin sa ba.

Autarsa ta tashi mai zane. Da aka karɓi aikinta a baje kolin zane karo na farko, sai ta buga shi a firinta, hoton farin tsuntsu a sararin sama, ta kawo masa. Ta roƙe shi ya je buɗewar, ya ce shago ba ya rufe kansa. Gaskiyar magana tsoron taron masu ilimi yake, ita kuma abin ya sosa mata rai.

Ya bar tawada ta sha iska kwana guda, ya goge tebur sau uku, ya sunkuya ya tura hoton cikin inji. Leda ta kwanta lumui, ko kumfa babu. Sai ga shi can a shuɗin sama, farin gashi a lanƙwashe. Girarsa ce, wadda bai taɓa zargi ba.

Ga baje koli saura awa uku, ba halin sake bugawa. Bakin alƙalami ya bushe. Da Auta ta zo, ya nuna mata wurin, ya ce ya ɓata mata aiki.

Ta duba, ta dube shi, ta yi dariya har da hawaye.

"Baba, kai ka ce ba za ka je ba. To, girarka za ta wakilce ka."

Ranar ya rufe shago da rana tsaka, wai zai je ya tsaya gaban hoton ya tare abin kunya. Matarsa ta ce ba wanda ya lura da gashin nan. Shi ne ya yi ta jawo hannun mutane yana nuna musu, yana cewa zanen na 'yarsa ne, wannan kuma nasa.