Shigeji Ba Ya Jifa na Huɗu

A ƙauyen Obora, idan mutum ya cika naci, akan ce masa ya je wurin Shigeji ya koya masa zuciya. Ba duka yabo ba ne. Shigeji masunci ne, kuma duk kwarin nan an san shi da abu guda: ba ya jefa fatsa sau huɗu a gurbi ɗaya.

Kayan aikinsa ba su cika hannu ba. Doguwar sandar gora mai laushin kai, da igiyar izgar doki da yake tufkawa da kansa a lokacin ƙanƙara, mai kauri daga sama tana sirancewa zuwa ƙasa, sai ƙugiya guda da ya naɗe da baƙin alharini da gashin wuyan zakara. Gashin gaba yake fuskanta, don in ya ɗan girgiza sandar ya buɗe ya rufe a ruwa kamar ƙwaro mai neman ceton ransa. Ba tsutsa, ba dalma, ba abin naɗe igiya. Salon kamun kifin da ake kira tenkara ke nan, yadda ubansa ya bar masa, kuma da ita yake ɗebo kifin iwana daga ƙoramun dutse, ya kai wa masaukin baƙi da ke gindin hanya.

A ganinsa, jifan farko na kifi mai yunwa ne, na biyu na mai shakka, na uku kuwa alfarma ce. Bayan nan kifin ya riga ya gan ka, ya shige ƙarƙashin dutse, duk jifan da ka ƙara, ƙara tura shi ciki kake yi. Sai ka ɗauke inuwarka daga ruwan ka hau gaba, gurbin ya huta, kifin ya fito da kansa, wata rana ka dawo ka same shi. Wannan ƙarshen shi ne hikimar, amma Shigeji mutum ne mai tsadar magana, bai taɓa ganin yana buƙatar faɗi ba. Abin da ɗansa Noboru ya tashi yana ji a bakin rafi kalma biyu ne kawai: "Uku. Wuce."

Matarsa Kinu takan ba mata dariya a wurin shanya rogon daji da labarin aurensu. "Na farko na ce a'a don yanga, na biyu na ce a'a don in ga gudun ruwansa. Da ya buɗe baki na uku, ai ban bari ya ƙarasa ba. Na san halin mutumina, sai dai in hango ƙeyarsa."

Noboru ya fi ubansa hannu, wannan kowa ya shaida. Igiyarsa ba ta taɓa ruwa, ƙugiyar kaɗai ke sauka, a hankali, kifi bai san da mutum ba sai ya ji shi a sama. Amma ya zama saurayi daidai lokacin da masaukin ya koma sayen kifin kiwo, mai araha, mai girma ɗaya kamar an auna. Wata safiya ya ce zai tafi Nagoya aikin haɗa motoci.

"Ka bar ruwan kakanka ka je ɗaura ƙusa?" in ji Shigeji.

"Ruwan kakana ba ya cika tukunya, Baba. Dubi hannun Inna."

"To, tafi. Dama hannun da bai san darajar sanda ba, gara ya riƙe guduma."

Ƙarya ya yi, ya kuma san ƙarya ya yi tun kafin maganar ta gama fita. Noboru ya jingine sandarsa a bango, ya bi motar safe.

Bayan damina biyu Shigeji ya sa rigarsa ta zuwa jana'iza, don ita kaɗai ce mai kyau, ya ɗauki ƙunshin busasshen kifi ya shiga jirgin ƙasa. A ƙofar masana'anta ya miƙa wa ɗansa ƙunshin ya ce, yana kallon takalmansa, "Ƙanƙara ta narke. Ruwa ya yi kyau bana." Noboru ya ce aiki ya yi yawa. Kira na biyu ta wayar masaukin ya yi shi, shekarar da Noboru ya auri wata 'yar birni mai suna Tokiko, aka sake ce masa aiki ya yi yawa. Na uku bayan rasuwar Kinu ne, ranar da aka ƙona gawarta bisa al'adarsu. Suna tsaye su biyu a bayan gida, hayaƙin turare na bin tufafinsu, uban ya ce, "Sandarka tana nan. Ina shafa mata mai." Idon Noboru ya yi ja, ya ce gobe yana da aikin safe.

Daga ranar Shigeji bai ƙara kira ba.

Maƙwabcinsa Gonpei, mai ƙona gawayi, wanda suka yi wasan ƙasa tare, shi kaɗai ke iya taka masa wutsiya. Yakan same shi da yamma a benci wajen tsayawar mota, wai yana shan iska.

"Kifi na ganinka, mai jar koma! Duk iskar da ke ƙauyen nan, sai ta bakin tasha ce ke maka daɗi?"

"Tafi ka wanke fuskarka, jikan hayaƙi."

"Ka ɗauki waya ka kira yaron nan, tsohon banza. Ɗanka ne, ba kifi ba."

"In na matsa masa, ƙara nisa zai yi. A bar shi ya huta, zai fito."

"Kai da shi duk kanwar ja ce. Kuna nan kuna hutawa har ƙasa ta rufe idon wani."

Gaskiya Gonpei ya faɗa, amma wa ke jin gaskiya daga bakin abokin wasa? Shigeji ya ci gaba da jira irin na masunta. Akwai wani gurbi a ƙarƙashin tsohon icen goro na daji, inda Noboru ya kama kifinsa na farko. Shigeji ya daina jefa fatsa a nan ɗungum, in ya iso sai ya zagaye ta cikin ciyawa don kada inuwarsa ta faɗa ruwan. Kowane sanyi yakan tufka igiya biyu, tasa da ta Noboru, ta Noboru ta fi tsawo da kamu ɗaya don ya fi shi dogon hannu. Igiyoyin suka taru a ƙusa, gashin kansa ya koma kalar izgar farin doki, gwiwa ta fara ƙin hawan dutse. Yana kewar ɗan nan kamar ransa zai fita, kuma a ganinsa shirun da yake yi shi ne mafi girman abin da zai iya yi masa.

Ranar da motar ta kawo masa baƙuwa, da hantsi ne, a tsakiyar bazara. Tokiko ce ta sauko ita kaɗai, cikin baƙaƙen kaya, rungume da akwatin tokar gawa naɗe da farin ƙyalle. Shigeji na ganin ƙyallen ya nemi benci ya zauna. An riga an aiko masa ta masaukin cewa Noboru ya rasu, ciwon zuciya ne, a bakin aiki, farat ɗaya, amma kunne ya ji ne kawai, sai yanzu maganar ta iso cikinsa.

A gida ta ajiye akwatin kusa da hoton Kinu, ta durƙusa, ta kwance wani dogon ƙunshi. Sandar tenkara ce irin ta kanti, mai shigewa cikin juna, mariƙinta ya yi baƙi don riƙo.

"Baba, duk ranar hutu sai ya hau rufin gidanmu da wannan. Ya ajiye kwanon shinkafa can nesa, ya yi ta jefa ƙugiya a ciki. Maƙwabta har suna ce masa mai kamun kifin sama."

"Bai je rafi ba?"

"Ko sau ɗaya. Ya ce ruwa ɗaya yake so." Ta share ido. "Na sha ce masa, mu je mana, ko Baba bai kira ba. Sai ya ce, 'Ba ki san shi ba. Sau uku ya jefa mini, na ƙi. Baba ba ya jifa na huɗu. Ya wuce ni.' Duk da haka, in waya ta yi ƙara lokacin narkewar ƙanƙara, shi ke riga kowa tashi."

Shigeji ya buɗe baki zai ce ai ba wucewa ba ce, ana dawowa, gurbin ake bari ya huta. Sai ya tuna bai taɓa faɗa wa yaron wannan ba, ko a bakin rafi, ko a gida. Ya dubi igiyoyin da ke rataye a ƙusa, ya rufe bakinsa.

Washegari Gonpei ya bi sawunsa, don ya ga ya fita ba kwando, ba koma. A ƙarƙashin icen goron ya same shi, tsaye tsakiyar ruwa har gwiwa, inuwarsa shimfiɗe a kan gurbin, ya ɗaura igiya mai tsawon nan a sandar Noboru. Ya jefa, ya ɗaga, ya jefa, ya ɗaga. Duk kifin da ke wurin ya daɗe da ɓuya, ko makaho ya san haka.

Gonpei ya tsaya yana kallo har ƙirga ta ɓace masa. Da ƙyar ya iya cewa, "Shigeji, ai ka wuce uku."

Tsohon bai waiwayo ba. Hawaye na bin gemunsa, ya sake ɗaga sandar.

"Na sani," in ji shi.