Baba Mainassara, Wanda Ya Miƙar da Bayan Mahaifina

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, 5 ga Yuli 1956, Allah ya karɓi ran Baba Mainassara, tsohon soja, a gidansa da ke Dakoro. Ina hanyar dawowa daga makarantar horon malamai, labarin ya tarye ni a Sabon Maci.

Baba, ba zan faɗi abin da ban tabbatar ba, domin ba ka son ƙari a magana. Abin da na ji daga bakinka shi ne, Jamusawa sun kama ka a yaƙi, ƙugunka da rauni. A inda aka tsare ku, wani Bature ɗan fursuna ya koya maka motsa jiki a kwance. Na sha tambayarka sunansa, kana cewa, "Ban riƙe sunansa ba, ɗana, numfashinsa na riƙe."

Shekarar da bayan mahaifina Sa'adu ya riƙe wajen jan wasaki a rijiya, ko fartanya bai iya ɗagawa. Aka yi ƙaho, aka yi sakiya, shiru. Kawunnena suka yanke cewa in damina ta faɗi yana kwance, a fiddo ni daga lakwal, wato makarantar boko, in kama gona. Na daina barci.

Sai ga ka da tabarma a hammata. Ka kwantar da shi rigingine a inuwar aduwa, ka ce ya ja numfashi a hankali, ya sake shi yana mayar da cibiya wajen ƙashin baya, sannan ya ɗaga ƙafa guda, hankalinsa na kan cikinsa. Maƙwabta suka taru suna dariya. Samba mahauci ya ce, "Soja, barci kake koya mashi?" Ka ce, "Kai ma zo, tumbin nan ya fi shi bukata." Kullum kana cewa ciki shi ne turken jiki, in turke ya kafu, reshe ba ya wahala. In mahaifina ya yi gaggawa ka ce, "Sa'adu, ba kokawa muke ba. Sannu."

Ban san ranar da ciwon ya sake shi ba, don haka ba zan sa rana ba. Na dai san ruwan shuka ya same shi tsaye, ni kuma na koma aji.

Na so in nuna maka takardar gama karatuna, ban samu ba. Amma an shaida mini cewa mahaifina na cikin waɗanda suka ɗauki makararka, kuma har kushewa bai yarda an karɓe shi ba.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata makwancinka, ya sa wahalar da ka sha a ƙasar wasu ta zama kankarar zunubi. Inna Rabi'atu, uwargidan Baba, da yara, Allah ya ba ku haƙuri, ya ba mu duka. Amin.